Ƴan kasuwa, kafin ku sayi pus ku tambayi ƙauyen da kayanku ke fitowa

 Yau maganarmu bisa wayar salula take, ko mu ce bisa ɗan ƙaramin abin nan da ake sakawa cikinta, wato pus. Kamfanoni huɗu ne ke aikin salula a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. Kowannensu na da allunan talla bakin hanya, yana da motar kiɗa mai zagaya kasuwa ranar da ta cika, kuma kowanne na cewa shi ya fi saura. Tambayar da ke yawo bakin jama'a ita ce wanne ya kamata mutum ya riƙe. Mu dai ba za mu kira sunan wani kamfani mu ce shi ne gwani ba, don amsar mai albasa na Galmi dabam take da ta mai atamfa ta Babbar Kasuwar Yamai. Abin da muke cewa shi ne, ɗan kasuwa ya auna rezo da abu biyu. Na farko, yana kamawa inda kayansa da masu sayen kayansa suke? Na biyu, ran da aka samu matsala akwai mutumin da zai saurare shi ya gyara? Bonus da rahusa sai su biyo bayan waɗannan.

Waɗanda suka yi kasuwanci kafin shekara ta 2001 sun san wahalar da salula ta raba mu da ita. Mai son sanin kuɗɗin buhun gero a Damagaram yana zaune Maraɗi, sai ya ba direba takarda ya jira kwana biyu, ko ya bi layi a telesantar ya kira wani mai tarho na gida a je a nemo masa mutuminsa, ko kuma ya saurari farashin da hukumar SIMA ke bayarwa ta rediyo. A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki, SahelCom ya biyo baya, sannan Telecel, sai Orange a 2008. Wata malamar jami'a ƴar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta kwatanta waɗanda rezo ya isa da waɗanda bai isa ba. Abin da ta gano, wanda aka buga a 2010, shi ne zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake: ɗan kasuwa ya daina ɗaukar kaya a makance, yana kira ya ji inda suke da tsada kafin ya yi lodi.

To, in salula na iya daidaita farashi tsakanin garuruwa, rashin rezo na iya jawo asara daidai gwargwado. Mu ɗauki misali. Mutum na da buhun wake 50, dillalinsa na neman shi tun da safe don ya gaya masa farashi ya hau da jika ɗaya a kasuwar gaba, amma waya na cewa ba a samun mai lambar. Ya sayar inda yake bisa tsohon farashi. Jika hamsin ke nan suka wuce shi cikin wuni guda, kuɗɗin da ya fi kredin da zai saka cikin watanni da yawa. Mai tumatir ko mai kifi ma tata ta fi muni, tunda kayanta ba su jiran gobe. Shi ya sa muke ganin zaɓen rezo ga ɗan kasuwa daidai yake da zaɓen wurin kafa rumfa. Ba wanda ke kama rumfa don an yi mata fenti mai kyau, sai ya duba ko masu saye na bi ta nan.

Wasu daga cikin manyanmu na riƙe da kamfani saboda sabo. Suna cewa tun zamanin kaza nake tare da su, ba su taɓa ba ni kunya ba. Sabo abu ne mai kyau tsakanin mutum da mutum, amma mu tuna kamfanonin nan sun sha canza hannu. Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, kamfanin Maroc Telecom ya saye shi, a 2021 aka koma kiran shi Moov Africa. An haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom. Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019, shi ne ya zama Zamani Telecom. Duk sadda aka canza masu shi, akan canza shugabanni, a canza inda ake zuba kuɗɗi, a kafa sababbin antene a wata jiha a yi sakaci da na wata. Saboda haka kamfanin da ya fi kamawa a Dakoro ko Tanut shekara goma da suka wuce ba dole ba ne shi ke gaba yau. Yabon da aka yi wa rezo a da, da zagin da aka yi masa, duka suna tsufa, sai a sake aunawa.

Kafin a auna, ya kamata mu san yadda abin ke aiki, ko da a taƙaice. Waya ba ta magana da waya kai tsaye. Tana magana da dogon ƙarfen nan da muke gani bayan gari, wato antene, shi kuma ya miƙa maganar gaba. Kowane antene na da iyakar inda muryarsa ke kaiwa, tudu da kwari da nisa duk suna rage ta. Ƙasarmu na da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kuma kafa antene na cin kuɗɗi masu yawa, don haka kamfani kan fara da inda mutane suka fi yawa: manyan birane da bakin gudron, musamman babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi, Damagaram har Difa. Da an sauka daga gudron an shiga laterit ko rairayi sai labari ya canza. Akwai ƙauyen da kamfani ɗaya tak ke kamawa, akwai wanda sai an hau tudu ko an je gindin wata itaciya da kowa ya sani. Kayan da muke sayarwa kuwa, gero da wake da aya da riɗi da gyaɗa da bisashe, daga irin waɗannan wurare suke fitowa. Allon talla da ke cewa rezo ya game ƙasa, a birni aka kafa shi.

Sannan ƴan sandunan nan da ke nunawa saman waya ba su faɗin duka gaskiya. Suna nuna ƙarfin muryar antene ne kawai. Antene na da iyakar yawan kiran da yake iya ɗauka lokaci guda, kamar yadda mota ke da iyakar fasinja. Garin da ke da mutane kaɗan ranakun mako, ran kasuwa sai ya cika da baƙi daga ko'ina, kowa da waya a hannu. Sai ka ga sanduna sun cika fal amma kira ya ƙi shiga, ko ya shiga ya yanke a tsakiyar ciniki. Haka ake gani ranar salla da jajibirinta. Rumfunan kwano da manyan magazan na siminti su ma suna tare rezo, shi ya sa wayar da ke aiki bakin ƙofar kasuwa take yin shiru a can tsakiya. Ga kuma maganar wuta. Antene na aiki da lantarki, in ta ɗauke sai batir ko inji ko hasken rana su karɓa. Mun ga haka da idonmu sadda Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Kamfanin da ke kula da batiransa da gazuwal ɗin injinansa, shi ne rezonsa ke tsayawa in gari ya yi duhu.

Tunda haka ne, gani ya kori ji. Shawararmu ita ce kowane ɗan kasuwa ya zauna ya lissafa wurare huɗu ko biyar da arzikinsa ya rataya a kansu: rumfarsa, gidansa, ƙauyen da yake sayen kaya, hanyar da motar kaya ke bi, da garin da babban mai sayensa yake. Sannan ya tambayi mutanen da ke zaune waɗannan wurare wane rezo ke kamawa, da safe da dare, da rani da damina, ran kasuwa da sauran ranaku. Direbobin manyan motoci da ƴan kabu-kabu da masu cajin waya na ƙauye sun fi kowane ma'aikacin kamfani sanin wannan, don su ke fama da shi kullum, kuma ba su da abin da za su sayar maka. Bayan tambaya sai gwaji. Pus ba shi da tsada. A saya, a sa kredi kaɗan, a yi mako biyu ana kira da shi daga cikin rumfa daidai lokacin da kasuwa ta cika. Kada a buga sabuwar lamba bisa allon shago ko a raba ta ga abokan ciniki sai ta ci wannan jarrabawa. Mu ma'aikatan rediyo muna ganin alamar abin a shirye-shiryen da masu saurare ke kira: akwai garuruwan da muryar mai kira ke zuwa tas, akwai waɗanda sai ya kira sau uku kafin ya ƙare gaisuwa, kuma rezon da ya yi kyau daga gabas sau da yawa shi ne ke yankewa daga arewa.

A wajen gwajin a raba kira da intanet, don abu biyu ne. Yau ciniki da yawa ta WhatsApp yake tafiya. Hajiya na ɗaukar hoton leshi ko turaren wuta ta tura, mai saye ya aiko saƙon murya, a daidaita, a turo kuɗɗi. Saƙon murya ya zama rahama ga wanda bai yi lakwal ba. Amma wannan duka na bukatar koneksiyon mai ƙarfi, wato 3G ko 4G, alhali akwai wuraren da antene ke ba da kira kawai, hoto ya kwana yana juyawa bai tafi ba. Haka masu aika kuɗɗi ta MyNita ko AmanaTa, in intanet ya tsaya sai su koma bin layi a gishe. Mai tura hotuna ta duba ƙaramin rubutun da ke fitowa kusa da sanduna. In 4G ta gani a rumfarta, madalla. In harafin E ne ke fitowa kullum, wannan rezo na kira ne kawai a wurin. A kuma tabbata laifin ba na wayar ba ne, don tsohuwar waya ko wadda ta sha faɗuwa na iya sa a zagi kamfani a banza. Hanya mai sauƙi ita ce a sa pus ɗin cikin wayar maƙwabci a gani.

Masu bin iyaka na da tasu matsala. Ɗan Maraɗi mai zuwa Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa, ɗan Damagaram mai bi ta Matamai ko Magarya zuwa Daura da Kano, da ɗan Ƙwanni mai tsallakawa Illela, duk sun san rezo bai san inda duwan ya tsaya ba. Kana cikin Nijar waya na iya kama antenen Najeriya da kanta, in pus ɗinka na da izinin aiki ƙetare sai a caje ka kuɗɗin wanda ya fita waje. Maganin wannan na cikin wayar: a shiga inda ake zaɓen rezo, a cire shi daga zaɓe da kansa, a kafe shi bisa kamfanin gida. Wanda bai iya ba ya ba yaro mai gyaran waya, aikin minti biyu ne. Mai yawan tsallakawa kuwa ya je ajans ya tambaya baki da baki nawa ake cire masa in ya kira daga can, nawa in an kira shi, sannan ya kwatanta da riƙe pus ɗin Najeriya na dabam. Wannan tambaya a yi ta kafin tafiya.

Abu na gaba shi ne rezon da mutanenka suke. Yawancin bonus da ake rabawa na kira ne tsakanin lambobin kamfani ɗaya, don haka ba su da amfani in masu sayenka na wani wuri. Buɗe jerin lambobin da ke cikin wayarka ka duba farkonsu. Tun da daɗewa an san 96 ta Airtel ce, 94 ta Moov, 93 ta Niger Telecom, 90 ta Zamani, ko da yake kowane kamfani ya ƙara wasu daga baya. Ɗauki mutum ashirin da ka fi kira don sana'a, ka ƙirga. Inda suka fi yawa, nan ya kamata babbar lambarka ta kasance, muddin rezon ya ci gwajin da muka faɗa. Tunda wayoyin yanzu kusan duka na ɗaukar pus biyu, muna ganin ɗan kasuwa ya riƙe biyu na kamfanoni dabam dabam: ɗaya babba wadda kowa ya sani, ɗaya ta ko-ta-kwana. Fiye da biyu kuwa rikici ne, kredi ya warwatse, masu saye su rasa wadda za su kira. A riƙa taɓa ta biyun lokaci lokaci, don pus ɗin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na rufe shi, daga baya ya ba wani lambar.

Yanzu sai ma'auni na biyu, wanda mutane ba su tunawa da shi sai ran da ta ɓaci. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ran da aka sace waya a tasha, ran da aka tura kuɗɗi bisa lambar da ba ita ba, ran da kredi ya ɓace ba a kira kowa ba, ranar ce ake sanin kamfanin da ke ganin girman mai hulɗa da shi. Wannan ma ana iya gwada shi tun lafiya na nan. Kira lambar da kamfani ya ware don koke-koke, ka duba minti nawa za ka yi kana jin kiɗa kafin mutum ya ɗauka. In ya ɗauka, yi masa Hausa ka ji ko zai amsa da Hausa. Tambayi inda ajans ɗinsu mafi kusa yake, kuma ka bambanta ajans na gaskiya da ɗan kiyos mai sayar da kredi, don mai kiyos ba ya iya maido maka da lambar da ta ɓace. In maido da pus na bukatar ka rufe rumfa ka biya mota zuwa babban birnin jiha ka kwana, to wannan kuɗɗi ne da ya kamata ka sa cikin lissafi tun farko. Tambayi maƙwabtan rumfa waɗanda abin ya taɓa samu kwana nawa suka yi kafin a gyara masu.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce, kuma iyayenmu mata ta fi shafa. Mace na juya dubban jikkuna a wata, tana ciyar da gida, tana biyan patanti, amma ta shiga ofis a yi mata faransanci da sauri a miƙo mata takarda, ta fito ba ta san abin da aka ce ba. Saƙonnin da kamfani ke turowa su ma galibi da faransanci suke, a ce danna 1, ta danna don ta rabu da shi, ashe ta shiga wani abu da za a riƙa cire mata kuɗɗi. Kamfanin da ke cin kuɗɗin masu Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, wajibi ne ya aje ma'aikatan da za su yi masu bayani da harshensu, a natse, ba tare da raini ba. Hajiya, in kin shiga ajans aka bar ki tsaye ana kula mai kwat da ya zo bayanki, ki riƙe wannan a ranki ran da za ki zaɓi inda kuɗɗinki za su tafi. Kuɗɗin mai ƙosai da na darakta duk sefa ne.

Sai dai akwai abin da ke wuyanmu mu ma, wanda in ba mu yi ba ko kamfani mafi kirki ba ya iya taimakon mu. Pus ya kasance da sunan mai shi. A 2013 hukuma ta sa an rufe lambobi fiye da miliyan ɗaya da rabi saboda ba a yi masu rajista ba, kuma har yau ba a ba da pus bisa ƙa'ida sai da takardar shaida. Duk da haka mata da yawa na aiki da lambar da aka yanka da katin miji, ko na ɗa, ko na wani yaron shago da ya daɗe da barin gari. Ran da wayar ta ɓace, ajans zai nemi mai sunan, in babu shi lamba ta tafi, tare da masu sayen da aka tara shekara da shekaru, da kuɗɗin da ke ajiye cikin Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash. Duk mai sana'a ya je da katinsa a duba sunan wa ke bisa lambarsa, a gyara tun yau. A adana ɗan katin roba da pus ya zo ciki. A rubuta lambobin manyan abokan ciniki cikin kaye a aje gida. Lambar sirri ta kuɗɗi kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ko ya ce an ci kyauta. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta.

Mu dawo ga bonus, tunda shi ke jan mutane. Ba mu ce a ƙi shi ba, amma araha ba ta ado. Kafin a yi murna da kredin da aka ninka, a tambayi abu uku: kwana nawa yake yi kafin ya mutu, wane rezo yake kira, kuma da wane lokaci. Bonus ɗin da ke aiki tsakar dare kawai bai amfani mai tashi da asuba ta tafi kasuwa ba. Forfen intanet ma haka, in ya ƙare waya na iya ci gaba da shan babban kredi a ɓoye, don haka a kashe koneksiyon in ba a aiki da shi. Ga kuma ƙananan abubuwan da ake shiga ba a sani ba, waƙar da mai kira ke ji, labarin ƙwallo, wasan tambayoyi. A ce ana cire dala goma kullum, wato sefa 50. A wata jika ɗaya da rabi ke nan, a shekara ya haura jika goma sha takwas. Kamfanin kirki shi ne wanda in ka tambaya zai gaya maka duk abin da ke cin kredinka ya kuma cire maka shi nan take.

Mun san abin da wasu za su ce: duk kanwar ja ce, kowanne ka kama kuka za ka yi, to mene ne amfanin wahalar zaɓe? Maganar na da ƙamshin gaskiya. A 2017 hukumar da ke sa ido bisa harkar sadarwa, wadda a lokacin ake kira ARTP, ta ci kamfanonin nan huɗu tarar sama da miliyar 3 na sefa saboda rashin ingancin aiki. A 2023 magajiyarta ARCEP ta sake cin su huɗun tarar sama da miliyar 4 bisa irin wannan dalili. Ke nan ba wanda ya fita. Amma wannan awo ne na ƙasa baki ɗaya, kai kuwa rumfa ɗaya gare ka da hanya ɗaya ko biyu. A wannan ɗan yanki naka bambanci na nan, kuma mutanen wurin sun san shi. Ban da haka, in kowa ya ce duk ɗaya ne ya zauna inda yake, kamfani ba shi da dalilin gyarawa. Abin da ke sa shi kawo gazuwal da wuri ko ƙara antene shi ne ganin kredin da ake saye a wani gari ya ragu.

Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Koken mutum ɗaya ta waya na iya ɓacewa, amma takardar da shugabannin kasuwa suka sa wa hannu ba a jefar da ita da sauƙi. Muna kira ga sandikan ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu adashe, daga kasuwar Dole ta Damagaram zuwa Katako da Wadata na Yamai, da na Tawa da Madawa da Tasawa, su aje kaye guda na rezo. Duk ran da ya ɗauke a rubuta rana, da awa, da wuri, da kamfani. Bayan wata biyu a kai kofi ga ajans, a karɓi shaidar an kai. In ba a ga canji ba a kai ga ARCEP, don aikinta ke nan, a kuma sanar da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye irin su ADDC-Wadata, a zo gidajen rediyo a faɗa da hujja. Ga hukuma kuwa roƙonmu biyu ne. Sakamakon awon da take yi wa kamfanoni a riƙa bayyana shi gari gari, da harsunan ƙasa, ta rediyo, yadda mai rumfa zai ji. Sannan a sauƙaƙa wa mutum ya canza kamfani ya tafi da lambarsa, kamar yadda ake yi a Gana tun 2011 da Najeriya tun 2013, don tsoron rasa lamba shi ke ɗaure ɗan kasuwa ga rezon da ba ya yi masa aiki.

Kafin wannan ta samu, abin da ke hannunmu mu yi shi cikin makon nan. A tambayi direba da mutanen ƙauyen da kaya ke fitowa, a gwada pus cikin rumfa ran kasuwa, a kira lambar koke-koke a ji ko za a amsa da Hausa, a je ajans da kati a tabbatar da suna. Wanda ya yi waɗannan ya zaɓa da saninsa, in motar kiɗa ta zo sai ya saurara ya ci gaba da cinikinsa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.